Ramazzini, likitan da ya fara tambayar maras lafiya sana'arsa

Yau za mu kawo wa masu karatu, musamman ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu sana'a a Dakoro da kewaye, tarihin wani likita ɗan ƙasar Italiya da ya rasu fiye da shekara 300 da suka wuce, wanda har gobe masana ke kira uban ilimin lafiyar ma'aikata. Sunansa Bernardino Ramazzini.

An haife shi a garin Karpi a shekarar 1633. Ya yi karatun likita a Parma, ya kammala a 1659, ya ƙaro sani a birnin Rum, sannan ya yi aiki a wasu ƙananan garuruwa inda zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, har sai da ya komo gida jinya. A 1671 ya tare a birnin Modena, kuma a 1682 aka ba shi koyarwa a jami'ar garin.

A can ne abin da ya juya tunaninsa ya faru. Wata rana an kawo mai kwashe masai gidansa, sai ya lura mutumin yana aiki da gaggawa kamar ana korar sa. Da ya nemi jin dalili, mutumin ya ɗago kai, idanunsa jawur, ya bayyana masa cewa daɗewa a cikin ramin na kashe ido. Daga baya likitan ya gano cewa da yawa daga cikin masu wannan aiki sun makance suna bara a titunan garin. Tun daga nan ya shiga bin masu sana'a har wurin aikinsu, abin da manyan likitocin zamanin ke ɗauka ƙasƙanci ne. Ya shiga maƙera da majema da gidajen gasa burodi, ya ma sauka cikin rijiyoyin Modena da kansa. Duk wanda ya san zurfin rijiyoyin ƙasar Dakoro ya san wannan ba ƙaramin hali ba ne.

A 1700 ya fitar da littafinsa kan cututtukan masu sana'a, cikin harshen Latin, kuma a 1713 ya sake fitar da shi da ƙari, har sana'o'in da ke ciki suka wuce 50. Ya kasa musabbabin ciwon gida biyu: abin da mutum ke taɓawa ko shaƙa, da kuma yadda yake tsayuwa, zama ko maimaita motsi ɗaya wuni guda.

To jama'a, a nan ne zancen ya shigo kasuwarmu. Akwai babi guda a kan masu tankaɗe da masu awon hatsi. Ya rubuta cewa ƙurar hatsi na sa su tari, sarƙewar numfashi, jan ido da ƙaiƙayin jiki, kuma kaɗan daga cikinsu ke kai wa tsufa. Mai riƙe da tiya tun safe har la'asar, da mai sheƙa, da yaron da ke tsaye bakin injin niƙa gari ya rufe masa gira, duk sun san wannan tari, sai dai mun saba ɗora shi a kan hunturu. Shawararsa mai sauƙi ce: a rufe baki da hanci da ƙyalle, a riƙa wanke ido da kurkure maƙogwaro. Ya yi maganar masu ɗaukar kaya da yadda nauyi ke jawo musu ƙaba, da masu wuni a tsaye da jijiyoyin ƙafarsu ke kumbura, da maɗinka da bayansu ke tanƙwarewa. Bai manta da mata ba, domin ungozoma da masu wanki da masu saƙa duk suna ciki.

Abin da ya fi yin suna da shi kuwa tambaya ce guda. Ya ce likita ya zauna kusa da talaka ko a kan ƴar kujera ce, kuma bayan tambayoyin da aka saba yi, ya tambayi irin aikin da yake yi. A ganinmu ko malamin asibiti ya manta, mai tuyar ƙuli-ƙuli da ke fama da ƙirji ta faɗa masa da bakinta cewa a cikin hayaƙi take wuni, don maganin tari kaɗai ba zai raba ta da murhu ba.

A 1700 ɗin nan ya koma jami'ar Padowa. Da annobar shanu ta faɗa yankin a 1711, ya yi bincike a kanta. Ganinsa ya yi rauni ƙwarai a ƙarshen rayuwarsa amma bai bar koyarwa ba, har ya rasu ranar 5 ga Nuwamba 1714 sakamakon bugun jini.

Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, ta keɓe ranar 28 ga Afrilu don lafiya da kariya a wurin aiki tun daga 2003, kuma a 2022 ta sanya wannan cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci. A Nijar dokar ƙwadago ta 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata alhakin kare su, CNSS kuma na biyan diyyar hatsarin aiki, amma ga wanda aka yi wa rajista. Ɗan dako da mai tallar fura galibi ba su ciki. Abin da ya fi ɗaukar hankalin masana a ƴan shekarun nan shi ne zafi: rahoton hukumar na 2024 ya ce ma'aikata fiye da biliyan 2.4 ne ke aiki cikin zafin da ya wuce kima. Ranar 28 ga Afrilu kuwa a nan Dakoro tsakiyar bazara take faɗowa.