Rudolf Diesel (1858–1913): Mutumin da Ya Ƙago Injin Gas

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a garuruwan gabashin Kano, irin su Kademi da Gaya da Ajingi, kunnensa ya saba da ƙarar injin gas. Shi ne a cikin babbar motar da ke kwasar hatsi ranar kasuwa, shi ne a cikin tarakta, kuma shi ke juya injin niƙan da ake aika yara da dawa tun da sassafe. Man da waɗannan injina ke sha Hausawa na kiran sa gas ko dizal. Kalmar dizal kuwa asalinta sunan mutum ce, wato Rudolf Diesel, wani injiniya Bajamushe. Wannan babi zai dubi rayuwarsa, musamman shekaru huɗun da ya yi yana fama da injin da ya ƙi tashi, domin a cikinsu ne aka gano abubuwan da har yau bakanike ke dubawa idan an kawo masa tsohuwar mota mai shan gas.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Rudolf Diesel a birnin Paris na ƙasar Faransa ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne da neman abinci ya kai su can. Mahaifinsa, Theodor, ɗinkin littattafai da aikin fata yake yi, kuma gidan ba na masu hali ba ne. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870, sai aka kori Jamusawa daga Paris, iyalin suka yi gudun hijira zuwa Landan. Daga nan aka tura Rudolf, yana da shekara 12, zuwa garin Augsburg wurin dangi, inda maigidan da ya riƙe shi yake koyar da lissafi.

Yaron ya nuna hazaƙa ƙwarai, har ya sami tallafin karatu a babbar makarantar fasaha ta Munich a 1875. A can ne malaminsa Carl von Linde, gwanin injinan sanyaya abubuwa, ya yi wa ɗalibai bayanin irin asarar da injin tururi ke yi. A wancan zamani, idan an kasa ƙarfin da ke cikin kwal kashi goma, kusan kashi ɗaya kaɗai injin ke mayarwa aiki, sauran ya bi iska. Wannan darasi ya tsaya wa Diesel a rai. Zazzaɓin taifot ya hana shi zana jarrabawa a 1879, amma ya kammala a farkon 1880 da sakamako mafi daraja. Ya koma Paris ya yi aiki a masana'antar ƙanƙara ta malamin nasa, ya yi aure a 1883, sannan aiki ya kai shi Berlin a 1890.

3.0 Tunanin da Ya Haifi Injin

Tushen tunaninsa abu ne da duk mai bai wa tayar keke iska ya sani: idan aka matsa iska, zafi take yi. Diesel ya ga cewa in har fistan zai iya matse iska zalla a cikin silinda sosai, zafinta zai kai yadda da an fesa mai zai kama da kansa, ba tare da fulogi ko tartsatsi ba. Ya sami takardar mallakar wannan fasaha a watan Fabrairun 1893, kuma a shekarar ya wallafa littafi yana bayyana lissafinsa. Masana da dama sun soki littafin. Duk da haka masana'antar ƙera injina ta Augsburg, ƙarƙashin Heinrich von Buz, da kamfanin Krupp suka amince su ɗauki nauyin gwaji.

4.0 Shekarun Gwaji da Gyara

Hausawa kan ce faɗa da baki ya fi aiki sauƙi. Ranar 10 ga Agusta, 1893, aka fesa mai a cikin injin farko. Man ya kama kamar yadda aka zata, amma fashewar ta yi ƙarfin da ta tarwatsa na'urar auna matsi, gutsattsarinta suka wuce ta gefen mutanen da ke tsaye. Injin bai iya juya kansa ba. Sai ranar 17 ga Fabrairu, 1894, bayan an sake masa fasali, ya yi aiki da ƙarfinsa na kimanin minti ɗaya.

Matsalolin iri uku ne. Na farko, iska na tserewa ta gefen fistan da bawul, matsi ya ragu, zafi ya kasa. Na biyu, babu famfon da zai iya tura ɗan mai kaɗan cikin wurin da ke cike da matsi, a daidai lokacin da ake bukata. Na uku, man ba ya tarwatsewa ya gauraya da iska, don haka yakan ƙone rabi da rabi, ya bar baƙin hayaƙi da dauɗa.

Hanyar da Diesel ya bi ita ce abin koyi. Yakan sauya abu, ya tayar da injin, ya auna matsin, ya rubuta abin da ya gani, sannan ya sake. Inda awo ya saɓa wa lissafinsa, awon yake bi. A littafinsa ya ɗauka cewa za a matsa iska har ninki 250 na matsin iskar da mutane ke shaƙa, amma gwaji ya nuna masa ninki 30 da 'yan kai ya wadatar. Ya ɗauka injin ba zai bukaci ruwan sanyaya ba, daga baya ya sa masa. Da famfo ya gagara, sai ya yi amfani da matsattsiyar iska tana busa man cikin silinda. Ashe gyaran farko da ya yi, na tunaninsa ne.

Ranar 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter na Munich ya gwada injin na uku a hukumance. Yana da ƙarfin doki kusan 20, kuma ya mayar da kashi 26 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa aiki, wato fiye da ninki biyu na injin tururi.

5.0 Ɗaukaka da Wahala

Nan da nan sunansa ya bazu. Kamfanoni a Turai da Amurka suka sayi izinin ƙera injin, har attajirin nan Adolphus Busch ya biya mak miliyan ɗaya a 1897. Sai dai an yi gaggawar kai injin kasuwa. Injin da ke aiki lafiya a hannun wanda ya ƙago shi, sai ya riƙa lalacewa a hannun masu saye, wasu ma suka mayar da nasu. Ga ƙararraki a kotu, ga masu cewa fasahar ba tasa ba ce. Lafiyarsa ta taɓu, kuma ya zuba dukiyarsa a harkokin filaye da mai da ba su yi riba ba. Injiniyoyin Augsburg ne suka ci gaba da gyare-gyare har injin ya zama abin dogaro.

A baje-kolin duniya na Paris a 1900 injin ya sami babbar lambar yabo. A wurin ne kuma aka tayar da wani ƙaramin injin gas da man gyaɗa, saboda gwamnatin Faransa na son sanin ko za a iya amfani da shi a ƙasashen Afirka da take mulka. Diesel ya yi ta ambaton wannan gwaji a jawabansa na 1912, yana ganin manoma za su iya noma man da za su yi aiki da shi. A daidai wannan lokaci ne jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, wanda daga baya ya haifar da dalar gyaɗa. Amma gyaɗar Kano Turai ta nufa don a yi abinci da sabulu, motocin da suka zo suna kwasar ta kuwa man ƙasa suke sha.

6.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Da yammacin 29 ga Satumba, 1913, Diesel ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden a Antwerp ta Beljiyam, zai tafi Ingila taro. Ya ci abincin dare ya nufi ɗakinsa. Da gari ya waye aka tarar ba a kwanta a gadonsa ba. Bayan kimanin kwana 10 wasu matuƙa suka ga gawa a teku, suka ɗebo kayan aljihunta, ɗansa Eugen ya shaida cewa na mahaifinsa ne. Mafi yawan marubuta tarihinsa sun tafi a kan cewa shi ya jefa kansa saboda bashin da ya yi masa katutu. Ya bar duniya yana da shekara 55.

7.0 Gadon da Ya Bari

Diesel bai ga zamanin da injinsa ya mamaye hanyoyi ba. Sai a 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon mai mai yawa wanda ya warware matsalar da ta gagare shi, sannan a 1936 Mercedes-Benz ta fito da ƙaramar mota mai shan gas, samfurin 260 D.

Har yau matsalolin nan uku su ne ma'aunin bakanike. Idan tsohuwar mota ta ƙi tashi da sanyin hunturu, yakan duba batir da fulogin ɗumama silinda, sannan ya auna matsi, don in ringi ko bawul sun cinye, iskar ba za ta yi zafi ba. Idan ta tashi ta mutu, yakan nemi iska ko ruwa a layin mai, ko filta da ta toshe. Hayaƙi ma shaida ne: baƙi na nuna mai ya fi iska yawa, shuɗi na nuna man injin ne ke ƙonewa, fari kuwa man da bai ƙone ba ne ko ruwa da ya shiga silinda. Bakaniken da ya auna kafin ya kwance, ya kuma sauya abu ɗaya kafin ya taɓa wani, yakan tserar da mai mota daga sayen kayan da ba su lalace ba.

8.0 Auna Fahimta

1. Wane darasi ne ya sa Diesel neman sabon inji?
2. Kawo matsaloli uku da suka hana injinsa na farko aiki.
3. Ziyarci wani bakanike ko mai injin niƙa a garinku, ka tattaro kalmomi 10 na aro da yake amfani da su, ka nuna yadda Hausa ta sauya furucinsu.