Florence Nightingale: Mai Jinyar Da Ta Manta Da Kanta

Idan ka taɓa kwana da marar lafiya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ka ga yadda nas-nas suke zagaya gadaje cikin dare, alhali kowa yana barci. Ko ka taɓa tambayar kanka wa yake kula da su idan sun gaji? Labarin matar da ta kafa tushen wannan aiki zai sa ka yi wannan tunani.

An haifi Florence Nightingale ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya. Iyayenta Turawan Ingila ne masu dukiya. A lokacin ana ganin jinya aikin talakawa ne, don haka suka hana ta. Ta yi shekaru cikin ƙunci da baƙin ciki kafin su sakar mata mara. A 1851 ta tafi Jamus ta sami horo na 'yan watanni.

A watan Nuwamba na 1854, lokacin Yaƙin Kirimiya, ta isa asibitin sojojin Ingila da ke Skutari, a ƙasar Turkiyya, tare da mata 38. Ta tarar da ƙazanta da ɓeraye da ƙarancin magani, sojoji suna ta mutuwa. Ta duƙufa ga aiki ba dare ba rana. Wani lokaci takan yi sa'o'i ashirin a tsaye. Da dare kuma ta ɗauki fitila ta bi majinyata ɗaya bayan ɗaya, har aka yi mata laƙabi da Mai Fitila.

Yawancin littattafai a nan suke tsayawa, amma kai ka biyo ni mu ga abin da ya faru daga baya. A watan Mayu na 1855 zazzaɓi mai tsanani ya kama ta, har aka fid da rai. Da ta farfaɗo, aka ba ta shawara ta koma gida ta huta, ta ƙi. Ta dawo Ingila a 1856 a rame, ba ta iya barci sosai, ba ta cin abinci yadda ya kamata. Tunanin sojojin da suka mutu a hannunta ya ƙi barin zuciyarta. Da ta yi lissafi, sai ta gano cewa cututtuka sun kashe sojoji fiye da raunukan yaƙi, wato da yawa daga cikinsu da an tsabtace asibiti da wuri da sun rayu. Wannan ya ƙara mata nauyi a rai. A 1857 jikinta ya gaza, kuma ta shafe fiye da shekaru ashirin galibi a ɗaki, tana fama da ciwon jiki da damuwa. Likitoci da yawa a yau suna ganin ta kamu ne da cutar da ake samu daga madarar da ba a tafasa ba. A ganina, ƙin hutawa ma ya taimaka wajen kayar da ita.

Daga kan gadonta ta ci gaba da rubutu. A 1860 ta buɗe makarantar horar da nas-nas a Asibitin St Thomas da ke Landan. Abin sha'awa, kulawar da ta hana kanta ita ta tanadar wa ɗalibanta. Ta sa aka ba su masauki mai tsabta da abinci mai kyau, daga baya kuma aka naɗa wata babbar nas wadda aikinta shi ne lura da halin da suke ciki. Takan gayyace su hira, ta aika musu da furanni da kyaututtuka, ta rubuta musu wasiƙu bayan sun kama aiki a wurare masu nisa. Ita kuwa kyanwoyi ne abokan zamanta, tana samun natsuwa da su.

Wajen 1880 ciwon ya fara sauƙi, ta koma ziyartar 'yan uwa. A 1907 ta zama mace ta farko da ta sami lambar girma ta Order of Merit. Ta rasu a Landan ranar 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. A makarantarta ne Kofoworola Pratt ta yi karatu, wadda ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta Nijeriya a 1965. Ranar haihuwar Florence kuwa, 12 ga Mayu, ita ce Ranar Ma'aikatan Jinya ta Duniya.