James Donovan: lauyan da ya fanshi kamammun yaƙin Kuba

Ran 24 ga watan Disamba na 1962, da dare, jirgin sama na ƙarshe ya sauka kusa da birnin Miyami na ƙasar Amurka, ɗauke da sauran mutanen da suka yi wata 20 cikin gidajen kaso na Kuba. Jimillarsu mutum 1.113. Wanda ya ɗaure cinikin fansarsu wani lauya ne farar hula, sunansa James Donovan, wanda ba shi riƙe da wani muƙami na gwamnati, bai kuwa karɓi ladan aikin ba.

Asalinsa

An haifi Donovan ran 29 ga Fabrairu 1916 a birnin Niyok. Mahaifinsa likita ne, asalin gidansu daga ƙasar Ailan. Ya yi karatu a jami'ar Fordham, sa'an nan ya koyi ilimin shari'a a Harvard, ya gama cikin 1940. Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aikin lauya a ma'aikatar leƙen asiri ta Amurka. Da yaƙi ya ƙare, yana cikin waɗanda suka gabatar da ƙara a shari'ar Nuremberg, inda aka hukunta manyan ƴan Nazi na Jamus. Shi ya shirya hotunan silima na sansanonin mutuwa da aka nuna wa alƙalai. Bayan haka ya koma gida ya shiga aikin shari'ar kamfanonin inshora.

Cikin 1957 aka kama wani ɗan leƙen asirin Rasha da aka sani da sunan Rudolf Abel. Lauyoyi da dama suka ƙi kare shi, Donovan ya karɓa, ya sha zagi wajen mutanen ƙasarsa. Ya roƙi kotu kada ta yanke hukuncin kisa, bisa hujjar cewa wata rana Rasha za ta kama wani Ba'amurke, a bukaci wanda za a yi musaya da shi. Aka ɗaure Abel shekara 30. Abin da ya hango kuwa ya tabbata: cikin 1960 Rashawa suka harbo jirgin leƙen asiri na Amurka, suka kama matuƙinsa Gary Powers. Ran 10 ga Fabrairu 1962, bisa wata gada kusa da Berlin, Donovan ya miƙa Abel ya karɓo Powers.

Harin da ya watse

Fidel Kastro ya kama mulkin Kuba cikin 1959, dubban mutanen ƙasar da ba su yarda da shi ba suka yi gudun hijira zuwa Amurka. Hukumar leƙen asiri ta CIA ta tara wajen 1.400 daga cikinsu, ta ba su horo da makamai. Ran 17 ga Afrilu 1961 suka sauka a wani lungun teku na kudancin Kuba da ake kira Mashigin Aladu, da niyyar kifar da gwamnati. Cikin kwana 3 aka murƙushe su. Fiye da 100 suka mutu, aka kama wajen 1.200.

Da farko Kastro ya nemi a ba shi tarakta 500 a bakin kamammun, amma zancen ya watse. Cikin Afrilu 1962 kotun Kuba ta yanke musu ɗaurin shekara 30, ko kuwa biyan fansa wadda jimillarta ta kai dala miliyan 62 (dalar Amurka ake nufi, ba dalar kuɗin CFA ba). Aka saki 60 masu ciwo, bisa alkawarin za a biya dala miliyan 2,9 daga baya.

Shugaba John Kenedi ya shiga tsaka mai wuya. Shi ya ba da iznin harin, nauyin mutanen nan na wuyansa. Amma Amurka ta yanke hulɗa da Kuba, ta hana ciniki da ita, kuma ƴan adawa ba za su yarda a ba Kastro kuɗi ba. Sai ƙungiyar iyalan kamammun ta nemi Donovan cikin watan Yuni, bisa shawarar Robert Kenedi, ƙanen shugaban, wanda shi ne ministan shari'a.

Cinikin

Donovan ya sadu da Kastro ƙarshen watan Agusta a birnin Habana. Tun zaman farko ya gaya masa gaskiya: tsabar kuɗi ba za ta samu ba. Amma ya lura da abin da ke damun ƙasar tun da aka rufe mata ƙofar ciniki, watau ƙarancin magani da abincin jarirai. Ya nuna wa Kastro cewa tsare mutum fiye da dubu yana cin dukiya, kashe su kuwa zai ɓata masa suna a duniya, alhali magani abu ne da talakawansa za su gani da idonsu. Ta wannan hanya kowane gefe zai fita da mutuncinsa: Kuba ta ce diyya ta karɓa, Amurka ta ce agaji ta bayar.

Ana cikin haka, watan Oktoba, aka gano makamai masu linzami na Rasha a Kuba, duniya ta yi kwana 13 a bakin yaƙin nukiliya. Cinikin ya tsaya. Cikin Nuwamba kuma Donovan ya faɗi zaɓen majalisar dattawa da ya tsaya a jihar Niyok. Duk da haka, da ƙura ta lafa ya koma Habana. Aka daidaita bisa magani da abinci na dala miliyan 53. Kamfanonin Amurka suka ba da kayan, gwamnati ta rage musu haraji, ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta ɗauki nauyin kai su.

Ran 23 ga Disamba jirage suka fara kwasar mutane. Ana tsaka da aikin sai Kastro ya tsai da shi, ya ce sai an biya bashin nan na dala miliyan 2,9. Cikin awoyi kaɗan Kardinal Cushing, babban limamin Katolika na Boston, ya samo miliyan 1, Janar Lucius Clay ya haɗa sauran. Kamammun suka yi bikin Kirsimati cikin iyalansu.

Amana

Donovan ya ci gaba da zuwa Kuba cikin 1963, yana neman a saki Amurkawa da ke tsare, da iyalan da ke son fita. Cikin Afrilu ya tafi da ɗansa, don Kastro ya ga ya amince da shi. Suka tafi kamun kifi tare a wurin nan da aka yi yaƙin. Zuwa watan Yuli, waɗanda suka fita ta hannunsa sun kai 9.703.

Sai cikin 1975 binciken majalisar dattawan Amurka ya tona cewa wasu jami'an CIA sun yi shirin shafa cuta ga rigar ninƙaya, a ba Kastro kyauta ta hannun Donovan. Shirin bai yiwu ba, rigar da Donovan ya kai masa lafiyayya ce. Da makircin ya ci, da amanar da ta buɗe ƙofofin kaso ta rushe rana ɗaya.

Ƙarshen rayuwarsa ya koma hidimar ilimi. Ya shugabanci hukumar makarantun birnin Niyok, sa'an nan cikin 1968 ya zama shugaban makarantar Pratt. Ciwon zuciya ya kashe shi ran 19 ga Janairu 1970, yana da shekara 53. Masu makamai sun kai mutum 1.400 bakin teku sun bar su; wanda ya dawo da su gida ya tafi ne da jakar takardu, da haƙurin zama da abokin gaba har a fahimci juna.