Mimar Sinan, Sarkin Maginan Da Ya Ƙi Almubazzaranci

A wannan zamani attajirai na gina wuraren wanka da hutawa a gefen duwatsu da bakin tafkuna, suna shimfiɗa faifan sola a kan rufi, suna alfahari da cewa gininsu ba ya ɓarnar ruwa ko wuta. Yana da kyau mu tuna cewa fiye da shekara 400 da suka wuce an yi wani magini Musulmi da ya riƙi wannan tafarki, ya kuma yi shi domin talaka da mai sarauta baki ɗaya. Shi ne Sinan, wanda Turkawa ke kira Mimar Sinan, wato Sinan Magini.

An haife shi wajajen shekarar 1490 a ƙauyen Agirnas, kusa da birnin Kaisari a tsakiyar ƙasar Turkiyya ta yau. Iyayensa Kiristoci ne. A zamanin Sarki Salim na Ɗaya aka ɗauke shi yana saurayi, bisa tsarin da Daular Usmaniyya ke bi na ɗibar 'ya'yan Kiristocin ƙasarta domin aikin soja da na fada. A Istanbul ya musulunta, ya koyi sassaƙa da lissafi, ya shiga rundunar dakarun sarki.

Fagen fama ne ya zame masa makaranta. Ya halarci yaƙin Belgired a 1521, da na tsibirin Rodas a 1522, da na Mohac a 1526, ya kuma bi runduna har Bagadaza. Duk inda suka sauka yakan tsaya ya duba gine-ginen mutanen da, ya ga abin da ya tsayar da su da abin da ya rushe su. Aikinsa a cikin runduna shi ne gadoji da ganuwa da jiragen ruwa, kuma mai wannan aiki dole ya yi amfani da abin da ya tarar a wurin, cikin gaggawa, ba tare da asarar ko gungume ɗaya ba. Gadar da ya kafa a kan kogin Furut a 1538 ita ta fito da sunansa, kuma ba a jima ba Sarki Sulaiman Alƙanuni ya naɗa shi shugaban maginan daula. Ya riƙe wannan muƙami kusan shekara 50, a ƙarƙashin Sulaiman da Salim na Biyu da Murad na Uku, aka kuma lissafa masa gine-gine fiye da 300.

Mafi yawanmu da masallatansa muka san shi: na Shehzade da aka gama a 1548, da na Sulaimaniyya a 1557, da na Salimiyya a birnin Edirne, wanda faɗin ƙubbarsa ya kai kimanin mita 31. Amma wanda ke son ya fahimci hankalin Sinan, sai ya fara da ruwa. Jama'ar Istanbul ta yawaita, ruwa ya yi ƙaranci, ga shi kuwa sai da ruwa ake alwala da wankan tsarki. Daga 1554 ya shiga aikin jawo ruwa daga dazuzzukan da ke arewacin birnin, ta magudanai masu tsawon kimanin kilomita 55. Babu inji ko ɗaya a wannan aiki. Ya auna gangaren ƙasa, ya bar ruwa ya bi halinsa, inda kuma kwari ya tare hanya sai ya ɗora ruwan a kan gada. Gadar Maglowa, wadda tsayinta ya haura mita 30, tana nan tsaye har yau.

Da wannan ruwa gidajen wanka na birni suka rayu, waɗanda ake kira hamam. Sinan ya gina da dama, ciki har da na Hurram Sultan, matar Sarki Sulaiman, a 1556, da na Cemberlitash a 1584. Mai shiga yakan fara da ɗakin tuɓe tufafi, ya wuce ɗaki mai ɗumi, sannan ɗaki mai zafi, domin jiki ya saba a hankali. Murhu ɗaya ne a bayan ginin, amma yana aiki uku. Yana tafasa ruwan tukunya, zafinsa yana ratsa ramin da ke ƙarƙashin daɓen marmara, hayaƙinsa kuma yana hawa ta bututun yumɓu da aka binne cikin bango, ya ɗumama shi kafin ya fita. Kaurin bangon yana riƙe zafin har bayan wuta ta lafa. A ƙubba kuwa an huda ƙananan tagogi masu gilashi, ta yadda hasken rana kaɗai ke haskaka ɗakin da yini. Mutane ba sa nutsewa a kwatami ɗaya. Kowa yana ɗibar ruwa mai gudu da kwano daga ƙaramin kwarmi, abin da ya dace da hukuncin tsarki, ya kuma rage ɓarna. Maza da sashensu, mata da nasu, kowane da ƙofarsa.

A wancan zamani hatta kuɗin shiga ba ya tafiya a banza, domin irin waɗannan gidajen wanka waƙafi ne. Kuɗin da na Cemberlitash ke tarawa a lokacin yana tafiya ne wajen ɗaukar nauyin masallaci da sauran ayyukan alherin da Nurbanu Sultan ta kafa a Uskudar. Mai wanka ya tsabtace jikinsa, kuɗinsa kuma ya ciyar da ɗalibi da mara lafiya.

Wannan hali muke gani a Sulaimaniyya. Ya gina shi a kan tudu, ya jera makarantu da asibiti da gidan ciyar da mabukata da gidan wanka a kewaye, wasunsu hawa-hawa bisa gangaren tudun, maimakon ya baje ƙasar. Fitilun mai da ke haskaka masallacin suna fitar da hayaƙi, sai ya tsara hanyar iska ta yadda za ta kwashe shi zuwa wani ƙaramin ɗaki a saman ƙofar shiga. A can kunkunniya ke taruwa, a kankare ta a yi tawada. Almajirin da ya taɓa haɗa tawadarsa da baƙin tukunya zai gane wannan hikima nan take.

Gaskiya ce gidajen wankan suna cin itace mai yawa, kuma wannan ne gurbin da hasken rana ke cikewa a yau. Sai dai faifan sola ba ya gyara ginin da aka tsara da sakaci. Idan bango siriri ne, tagogi ba sa shan iska, famfo na zuba dare da rana, to an sauya makamashi ne kawai, ɓarnar tana nan. Masu kwamitin masallatanmu da ɗalibanmu masu karatun zanen gini ya kamata su fara da tambayoyin da Sinan ya fara da su: daga ina ruwa zai zo, ina zai tafi bayan alwala, ta ina rana ke faɗowa, kuma da me za a riƙe ginin bayan wanda ya gina shi ya kwanta dama.

Sinan ya yi aikin Hajji a 1584, ya rasu a Istanbul a 1588, daidai da 996 bayan Hijira, yana dab da shekara ɗari. An binne shi a wata 'yar ƙaramar hubbare a kusurwar Sulaimaniyya, kuma a jikinta akwai wurin shayar da masu wucewa ruwa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ayyukansa su zame masa sadaka mai gudana.