Ton That Tung: Likitan da ya rage mace-mace a tiyatar hanta da yatsunsa

A farkon ƙarni na 20, likitoci na tsoron taɓa hanta da wuƙa. Cike take da jijiyoyin jini, kuma da zarar an yanke ta sai jini ya ɓalle, majinyaci ya mutu a kan gadon tiyata. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sauya wannan labari shi ne Ton That Tung, ɗan ƙasar Biyetnam.

An haife shi a 1912, ya taso a birnin Hue, ya yi karatun likita a Hanoi lokacin mulkin mallakar Faransa. A 1935, yana binciken wata gawa, ya tarar da tsutsotsin ciki sun kutsa cikin hanyoyin ɗaci na hanta. Bin sawunsu ya sa ya soma nazarin yadda bututu da jijiyoyi suka rarrabu a cikinta.

Cikin shekara huɗu ya feɗe hantar gawarwaki sama da 200, yana zana taswirar jijiyoyin. Aikin ya samo masa lambar azurfa daga Jami'ar Paris. A 1939 ya cire wani ɓangare na hantar mai ciwon daji bisa wannan taswira, sai dai manyan likitocin Paris ba su yi na'am da rahotonsa ba.

Yaƙi ya ɗauke shi daga wannan bincike. Ya bi dakarun Ho Chi Minh cikin daji yana yi wa waɗanda suka jikkata aiki, ya zama mataimakin ministan lafiya a 1947, sannan ya shugabanci asibitin Phu Doan na Hanoi, wanda yanzu ake kira Viet Duc.

A farkon shekarun 1960 ya koma kan hanta. Dabararsa ita ce a matse jijiyoyin da ke kai mata jini na ɗan lokaci, likita ya murje naman hantar da yatsu. Naman mai laushi ne, sai ya dagargaje, jijiyoyin kuwa su rage a hannu kamar zare, a ɗaure su ɗaya bayan ɗaya kafin a yanke. Jini kaɗan ke zuba, aikin kuma ba ya jan lokaci. Mujallar The Lancet ta buga bayanin a 1963, kuma a 1977 Cibiyar Likitocin Tiyata ta Paris ta ba shi lambar Lannelongue. Ya rasu a Hanoi ranar 7 ga Mayu, 1982.

Ciwon da ya yaƙa ba baƙo ba ne a Jigawa. Manyan abubuwan da ke jawo shi a nan su ne ciwon hanta nau'in B da gubar aflatoxin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu. Najeriya ta sanya rigakafin nau'in B cikin alluran jarirai tun 2004.

Tiyata tana amfani ne idan ƙarin bai bazu ba kuma sauran hantar na da lafiya. Shi ya sa likitoci ke son mai ɗauke da cutar ya riƙa zuwa asibiti, kamar na Rasheed Shekoni da ke Dutse, ana yi masa gwajin jini da hoton ciki duk wata shida, tun kafin ciki ya kumbura ko ido ya yi rawaya.