Chester Nimitz: Hafsan da ya kafe jirgi a laka kafin ya jagoranci yaƙin Fasifik

A daren 7 ga Yulin 1908, wani jirgin ruwan yaƙi na Amurka mai suna Decatur ya doshi mashigar Batangas a ƙasar Filifin, sai ya kafe a cikin laka. Kwamandansa ƙaramin hafsa ne ɗan shekara 23, wanda bai fi shekara uku da rabi da barin makaranta ba. Ya yi sakaci da abin da ake koya wa kowane ɗalibin sojan ruwa tun a ajin farko, wato tabbatar da inda jirgi yake da kuma sanin lokacin cikar teku da janyewarta. Da gari ya waye wani ƙaramin jirgi ya janyo su. Da bakinsa ya kai rahoton abin da ya faru, aka gurfanar da shi a kotun soja, aka same shi da laifin sakaci da aiki, aka ba shi takardar jan kunne. Sunansa Chester William Nimitz, kuma bayan shekara 33 shi aka damƙa wa rundunar ruwan Amurka ta Tekun Fasifik a lokacin da take durƙushe.

An haife shi ranar 24 ga Fabrairun 1885 a Fredericksburg da ke jihar Texas, garin 'yan asalin Jamus mai nisa da teku. Mahaifinsa ya rasu tun yana ciki, don haka ya tashi a gaban mahaifiyarsa da kakansa, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa wanda ya koma sana'ar otal. Burinsa shi ne makarantar sojan ƙasa ta West Point, amma babu gurbi, sai ya ci jarrabawar makarantar sojan ruwa ta Annapolis a 1901. Ya fita a farkon 1905, shi ne na bakwai cikin ɗalibai 114.

Bayan shari'ar Decatur an tura shi sashen jiragen ƙarƙashin teku, wanda a wancan zamani ba wurin da mai neman suna yake so ba ne: ga ƙunci, ga hayaƙin fetur mai bugar da mutum, ga haɗarin gobara. Bai yi zaman ƙorafi ba. Ya naƙalci aikin har ya zama ɗaya daga cikin masu kiran a sauya injin fetur da na dizal, aka kuma aika shi Jamus a 1913 ya koyo aikin injin. Sanin nan bai zo masa kyauta ba, domin inji ya cinye masa wani ɓangare na yatsa. A 1912 kuma wani ƙaramin soja da bai iya iyo ba ya faɗa ruwa, Nimitz, wanda shi ne kwamandan jirgin, ya yi tsalle ya bi shi ya tallafe shi har aka tsamo su.

Akwai shekaru uku na rayuwarsa da ba a cika ambatawa ba. A 1926 rundunar ta soma shirin horar da hafsoshi a cikin jami'o'in farar hula guda shida, aka ba Nimitz aikin kafa reshen Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Ya koyar a aji da kansa, yana wasa da ɗalibai, yana gayyatarsu gidansa cin abinci. Shirin yana nan har yau, kuma dubban hafsoshin Amurka ta wannan ƙofa suka shiga aiki.

Ranar 7 ga Disambar 1941 Japan ta kai hari Pearl Harbor, ta kashe mutum sama da 2,400, ta nutsar ko ta lalata manyan jiragen yaƙi takwas. Aka sauke kwamandan rundunar, Admiral Husband Kimmel. Nimitz ya karɓi aiki ranar 31 ga Disamba a kan wani jirgin ƙarƙashin teku mai suna Grayling. Hafsoshin da suka yi aiki da Kimmel sun riga sun sadaƙar cewa tasu ta ƙare. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san abin da ke biyo bayan zuwan sabon shugaba a kan gawar wani: a share ofis, a kawo nasa. Nimitz ya tara su ya sanar da su cewa yana buƙatarsu. Har jami'in tattara bayanan sirri, Edwin Layton, wanda shi ne ya fi kowa dacewa a ɗora wa laifi, ya bar shi a kujerarsa.

Wata biyar kacal wannan shawara ta biya. Layton da Joseph Rochefort, shugaban masu warware saƙonnin sirrin Japan, sun gano cewa hari na gaba tsibirin Midway zai nufa, alhali wasu manya a Washington suna ganin ba haka ba. Nimitz ya amince da mutanensa. Ya sa aka gyara jirgin Yorktown mai dakon jiragen sama cikin kimanin kwana uku, aikin da aka ƙiyasta zai ci watanni, ya tura duk abin da yake da shi ya yi kwanton ɓauna. A farkon Yunin 1942 Japan ta rasa manyan jiragenta huɗu masu dakon jiragen sama, Amurka ta rasa Yorktown.

Kada a ɗauka sanyin hali ne ya yi masa yawa. A Oktoban 1942, da ya ga Admiral Robert Ghormley, abokinsa na shekaru, ya gaza a yaƙin Guadalcanal, ya cire shi ya sa William Halsey. Kuma ba duk hukuncinsa ne ya yi daidai ba. A Satumbar 1944 Halsey ya ba da shawarar a fasa mamaye tsibirin Peleliu, Nimitz ya ƙi, aka yi asarar rayuka mai yawa a kan wurin da masana tarihi da dama suke ganin ba a buƙace shi ba. Wannan tabo ne, kuma masu yabonsa sukan tsallake shi.

Shi ne ya sa hannu a madadin Amurka a takardar miƙa wuyar Japan ranar 2 ga Satumbar 1945 a kan jirgin Missouri. Amma a ganina abubuwa biyu da suka biyo baya sun fi wannan biki nuna ko shi wane ne. Na farko, batun Kyaftin Charles McVay, wanda Japan ta nutsar da jirginsa Indianapolis a ƙarshen Yulin 1945, mutum 316 kaɗai suka tsira cikin kusan 1,200. Nimitz ya ce takardar jan kunne ta wadatar, irin wadda shi ma aka taɓa ba shi. Na sama da shi suka dage sai kotun soja, aka kuma sami McVay da laifi. A 1946, Nimitz yana shugaban rundunar ruwa baki ɗaya, aka ɗage masa hukuncin.

Na biyu ya fi nauyi. A shari'ar Nuremberg an tuhumi Admiral Karl Doenitz na Jamus da nutsar da jiragen 'yan kasuwa ba tare da gargaɗi ba. Lauyansa ya aiko wa Nimitz tambayoyi, shi kuwa ya amsa a rubuce cewa jiragen Amurka ma haka suka yi wa Japan tun ranar farko ta yaƙi. Shaida ce da ta taimaki abokin gaba, ta kuma tona asirin gida. An ɗaure Doenitz shekara 10, amma kotun ba ta gina hukuncinta a kan wannan tuhuma ba.

Bayan ya sauka a 1947, Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi a 1949 ya shirya ƙuri'ar raba gardama a Kashmir, ƙuri'ar da ba a taɓa yi ba. Ya ƙi rubuta tarihin rayuwarsa don kada ya zubar da mutuncin waɗanda suka yi aiki tare, ya kuma ƙi muƙaman da kamfanoni suka yi masa tayi. Ya taimaka wajen gyara Mikasa, tsohon jirgin Admiral Togo na Japan, mutumin da ya gani ido da ido a 1905 yana sabon fita makaranta.

Ya rasu ranar 20 ga Fabrairun 1966, saura kwana huɗu ya cika shekara 81. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Golden Gate kusa da San Francisco, da ƙaramin dutse irin wanda ake sa wa kowane soja. Tun yana raye ya shirya da abokan aikinsa uku, Spruance da Turner da Lockwood, cewa a jere za a binne su, kuma haka aka yi.