Audubon, Mai Zanen Tsuntsaye

Wanda ya taɓa gwada zana balbela da fentin ruwa ya san inda gizo ke saƙar. Tsuntsuwar fara ce, takardar ma fara. Fentin ruwa kuwa shara-shara ne, ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, don haka farin da ake gani a irin wannan zane yawanci takardar ce da kanta aka bari ba a taɓa ba. Mutumin da muka kawo tarihinsa a wannan mako yana cikin waɗanda suka fi iya wannan aiki.

An haifi John James Audubon ranar 26 ga Afrilu, 1785, a garin Les Cayes na ƙasar da yanzu ake kira Haiti. Mahaifinsa Bafaranshe ne, kyaftin ɗin jirgin ruwa. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, sai aka kai shi Faransa, ya girma a kusa da birnin Nantes. A 1803, yana ɗan shekara 18, uban ya tura shi Amurka don kada a ɗebe shi aikin soja a yaƙe-yaƙen Napoleon. Ya auri Lucy Bakewell a 1808, ya kama kasuwanci a jihar Kentucky. Amma hankalinsa yana daji wajen tsuntsaye. A 1819 jari ya karye, har aka tsare shi saboda bashi. Kafin wannan ma ɓeraye sun shiga akwatinsa sun cinye zane kusan 200.

Bayan karayar ne ya ƙudura zana kowane tsuntsu na Amurka ta Arewa daidai girmansa. Lucy ta shiga aikin koyarwa, ita ke riƙe gidan, shi kuma yana bin kogin Mississippi da bindiga da takardu. A lokacin babu kyamara. Harbo tsuntsun yake yi, ya soke shi da waya a jikin allo, ya tanƙwara shi kamar yana tashi ko yana cafkar kifi, sannan ya zana da sauri kafin launin ya dushe.

Fararen tsuntsaye su ne suka nuna gwanintarsa. Dubi zanen da ya yi a 1832 na wata farar tsuntsuwa 'yar uwar balbela, a jihar Carolina ta Kudu. Bayanta sararin sama ne mai duhu kamar hadarin Agusta, ga gonar shinkafa a ƙasa, wadda mataimakinsa George Lehman ya zana. Duhun nan ne ya fito da farin. Jikin tsuntsuwar kuwa ba a bar shi fari fat ba. Akwai ɗan toka-toka a inda inuwa ta faɗa, da siraran layuka na gashin fiffike. Duk wanda ya lura da gonar auduga a Funtua ko Malumfashi lokacin tsinka zai gane wannan: farin audugar ya fi haske saboda busassun ganyen da ke kewaye da shi, kuma kowane ƙulli yana da inuwarsa. Can nesa a cikin zanen akwai ɗan ƙaramin maharbi riƙe da bindiga yana matsowa.

Af, kada ku nemi tamu balbelar, mai bin shanu a bakin madatsar Mairuwa, a cikin littafinsa. Ba ta ciki. Daga Afirka ta ƙetare teku da kanta, kuma ba a gan ta a Amurka ta Arewa ba sai wajen 1941, shekara 90 bayan mutuwarsa.

Da bai samu mai buga masa aikin a Amurka ba, sai ya tafi Ingila a 1826. A Landan, Robert Havell ya sassaƙa zanen a farantan jan ƙarfe, ana bugawa, ma'aikata suna shafa launi da hannu ɗaya bayan ɗaya. Littafin, The Birds of America, ya fito kashi-kashi daga 1827 zuwa 1838, da zane 435. Tsawon kowane shafi ya kusa mita ɗaya, duk da haka sai da ya lanƙwasa wuyan dogayen tsuntsaye kafin su shiga. A 2010 an sayar da kwafi ɗaya a Landan a kan fam miliyan 7.3.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba. Audubon ya mallaki bayi baƙar fata, ya saye su ya sayar, kuma ya ƙi goyon bayan masu neman a hana bauta. A ganinmu kyawun zanensa bai wanke wannan ba. Ya kuma kashe tsuntsaye da yawa, fiye da abin da zanen ke buƙata. Duk da haka sunansa aka sa wa ƙungiyar kare tsuntsaye ta Amurka da aka kafa a 1905, wadda ta yaƙi masu kashe fararen tsuntsayen nan don a yi wa hulunan mata ado da gashinsu.

A ƙarshen rayuwarsa idonsa ya yi rauni, tunaninsa ya gushe. Ya mutu a New York ranar 27 ga Janairu, 1851. A 1863 talauci ya sa Lucy ta sayar da ainihin zanen nasa ga ƙungiyar tarihi ta New York, kuma suna can har yau.